Bin Diddigin Salsalar Faransawan Farko na Ƙasar Kanada

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. To, amma jikokin Faransawan da suka ƙetare teku zuwa Kanada a ƙarni na 17 ba su yarda asalinsu ya salwanta ba. A wannan maƙala za a yi ƙoƙarin bayyana yadda ake gano salsalarsu, da kuma inda hanyar take tsinkewa.

Tushen Al'ummar

Samuel de Champlain ne ya kafa garin Kwibek a shekarar 1608, amma sai a 1617 Louis Hébert da matarsa Marie Rollet suka iso da 'ya'yansu suka kama noma. Da aka yi ƙidaya a 1666, mutum 3,215 kawai aka samu, kuma maza sun rinjayi mata nesa ba kusa ba. A dalilin wannan gurgun rabo ne Sarki Louis na 14 ya ɗauki nauyin tura mata kimanin 800 tsakanin 1663 da 1673, waɗanda ake yi wa laƙabi da "'ya'yan sarki". Daga wannan ɗan ƙaramin iri ne miliyoyin mutane suka yaɗu.

Madogarar Mai Bincike

Babbar madogara ita ce kundayen coci, waɗanda suka faro tun 1621, inda limaman Katolika ke rubuta baftisma da aure da mutuwa. Takardar aure ita ce mabuɗi, domin takan ambaci sunayen iyayen ango da na amarya, da garin da suka fito. Watau kowane aure tsani ne zuwa ga wanda ya gabace shi, har a dangana da wani ƙauye a Faransa. Bugu da ƙari, daga baya an riƙa yin kwafi biyu, ɗaya a coci ɗaya wurin hukuma, saboda haka gobara ba ta cika shafe tarihi ɗungurungum ba. Da waɗannan kundaye Cyprien Tanguay ya wallafa ƙamusun salsala mai juzu'i bakwai tsakanin 1871 da 1890, sa'annan Jami'ar Montreal ta soma tattara su cikin kwamfuta a wani shiri da aka kafa a 1966.

Matsaloli

Matsala ta farko ita ce laƙabi. Sojoji musamman sukan ɗauki suna na biyu, alal misali Lafleur ko Jolicoeur, har ya danne na ainihi. Waɗanda kuma suka yi ƙaura zuwa Amurka sukan fassara sunansu, Leblanc ya koma White.

Ta biyu ta fi nauyi. Masanin tarihi Marcel Trudel ya ƙididdige bayi wajen 4,000, mafi yawansu 'yan asalin ƙasar, saura baƙar fata. Sau da yawa sunan yanka kawai aka rubuta musu da sunan ubangijinsu, ba uwa ba uba. A nan tsanin yake karyewa.

Kammalawa

A taƙaice, rubutu ne ya tsare wa wannan al'umma asalinta, amma mai riƙe da alƙalami shi ya zaɓi wanda za a tuna. Wajibi ne ɗalibin da ya buɗe kowane irin kundin tarihi ya tambayi kansa: wa aka rubuta, wa kuma aka tsallake?