Koyon Gyaran Mota Da Injin Gas A Ƙasar Zuru

Ƙasar Zuru ƙasar noma ce, ƙasar dawa da masara, kuma duk buhun da zai bar ta zuwa Kontagora ko Koko ko Gummi, a bayan babbar mota zai tafi. Motar nan kuwa, da taraktar da ta yi huɗa, da injin niƙan da ke ƙauye, galibinsu man gas suke sha. Saboda haka in aka ce babu gwanin gyaran injin gas a gari, ba direba kaɗai ya shiga uku ba, har da manomi. Abin da muke so mu jawo hankalin malaman makaranta da ma'aikatan ofis a kansa ke nan, domin su ne iyaye ke tambaya inda za a kai yaro.

Sana'ar ta daɗe a Arewa. A zamanin En'e, lokacin da Zuru take cikin Lardin Neja, ana koyonta a ma'aikatar ayyuka ta Gwamnati da kuma aikin soja. Da yawa cikin sojan da suka komo daga Bama bayan yaƙin da ya ƙare a 1945 sun zo da sanin tuƙi da riƙon sifana, mutanen Zuru kuwa kowa ya san su da aikin soja. Daga baya Gwamnati ta buɗe makarantun sana'a a Kaduna da Bukuru. An haɗa Zuru da Jihar Sakkwato a 1976, ta koma Jihar Kebbi a 1991, aka kafa mata kwalejin kimiyya da fasaha ta Gwamnatin Tarayya, a 2020 kuma kwalejin aikin gona ta garin ta zama jami'a.

Duk da haka, yawancin kanikawa a gindin bishiya suka yi karatunsu. Uba ya kai yaro wurin maigida, yaro ya fara da wanke ƙarafa da miƙa sifana, shekara ta zagayo a bar shi ya kwance taya, ya sauya baƙin mai, sannu a hankali har a amince ya buɗe inji. Ba a sa masa rana, sai maigida ya ga ya isa yaye. Dakarkari ba baƙin irin wannan haƙuri ba ne. Wanda kakansa ya yi golmo, watau ya shekara bakwai yana noma wa surukai kafin a ba shi mata, shekara biyar a gareji ba za ta razana shi ba. Kuma ba mu raina wannan koyo ba ko kaɗan. Yaron da ya tashi a nan yakan ji ciwon inji da kunne tun mota ba ta tsaya ba.

Amma fa injin gas ba ya yarda da kintace. Wani Bajamushe ne, Rudolf Diesel, ya fito da shi a 1897, kuma bambancinsa da na fetur shi ne ba shi da filogi mai ba da wuta. Fistin ne ke matse iska har ta koma kamar kashi ɗaya cikin 16 ko 20 na girmanta, zafinta ya haura digiri 500, sa'an nan nozul ya feso mai kamar hazo, ya kama da kansa. To, dubi abin da wannan ke bukata. Man nan sai ya fito a daidai lokacinsa, da daidai awonsa. Tsakanin ƙarafan da ke cikin famfon mai kuwa, ratar ba ta kai kaurin gashi ba. Ƙurar hunturu kaɗan, ko ɗigon ruwa a cikin man da aka saya a jarka, sun isa su kashe famfon da kuɗinsa ya fi na sa. Mun sha ganin an buɗe shi a kan buhu, a ƙasa, iska tana kaɗawa!

Sababbin motoci sun ƙara wahalar. Tun daga 1997 aka fara sayar da ƙananan motoci masu wani irin tsari wanda kwamfuta ce ke sarrafa fesa mai, kuma ƙarfin matsin man a irin waɗannan yakan kai kamar ninki 1,000 na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. Wanda ya sa yatsa don ya ji inda yake yoyo, man zai huda masa fata ya shiga jiki. Irin wannan mota, sai an jona mata na'ura ta faɗi ciwonta a rubuce, da lambobi da Turanci. Kunne ba ya karanta wannan. Sai bakanike ya koma canza kaya ɗaya bayan ɗaya, mai mota yana biya, ko a dace.

Akwai kuma waɗansu al'adu da aka gada daga maigida zuwa yaro ba tare da an tambayi dalili ba. Babba cikinsu ita ce cire ɗan makullin nan da ke tsare ruwan lagireto har inji ya ɗumama, wai ƙasarmu da zafi, ba ya da amfani. Alhali kuwa injin da ke aiki a sanyaye ya fi shan mai, ya fi saurin cinye ringi. Haka ɗaure kusoshin kan inji da ƙarfin damtse, bayan kuwa masu ƙira sun rubuta awon kowace kusa da jerin yadda za a bi su.

Shi kuma ɗan makaranta nasa ciwon dabam ne. Ya zana fistin a allo, ya ci jarrabawar NABTEB, hukumar da aka kafa a 1992 don jarraba masu koyon sana'a, amma in makarantarsa ba ta da inji mai tashi, sai ya fita da takarda hannunsa bai san zafin ƙarfe ba. Kanikawa su yi masa dariya, shi kuma ya tafi neman aikin ofis.

A ganinmu maganin ba ya bukatar sabon gini. Ɗalibi ya yi hutunsa a garejin gari, a rubuta abin da ya yi, maigida ya sa hannu. Yaron gareji kuma a buɗe masa aji da yamma, a koya masa awon milimita da kashi-kashi na lissafi da karanta littafin mota, aikin da kowane malamin firamare zai iya. Daga nan a nuna masa hanyar jarrabawar sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, mai daraja ta uku da ta biyu da ta ɗaya, wadda da hannu ake yin yawancinta. Da yawa ba su ma san da ita ba, kuma cika takardar neman shiga ita ce ke korar waɗanda suka sani. Wannan aikin akawu ne na rabin sa'a.

Ita ma jami'ar aikin gona tana da rabo a ciki, gama taraktar da ta lalace a watan Yuni, in sai an jira bakanike daga Kaduna ko Sakkwato, kafin ya iso lokacin huɗa ya wuce.