Faɗi Abin da Ka Yi Yau: Ba da Lissafi Kullum Domin Dagewa da Motsa Jiki

Da yawa daga cikinmu mun taɓa fitowa daga asibiti ɗauke da alkawari. An auna mu, an ce jini ya hau ko sukari ya yi yawa, likita ya ce a rage gishiri, a riƙa tafiya da ƙafa. Mako na farko mun tashi da sassafe mun yi. Kafin mako na uku, takalmin ya koma ƙarƙashin gado. Mun san amfanin abin, amma ranar da muka fasa babu wanda ya sani, babu kuma wanda ya tambaya.

Iyayenmu ba su bukaci a tuna musu ba, gama noma, daka, ɗiban ruwa da tafiya kasuwa sun ishe su. Yau da yawanmu muna wuni a zaune a ofis ko a shago, ko ƙarshen layi za mu je sai mun tare acaɓa. Mu masu hidimar ikilisiya ma haka ne, daga wannan taro zuwa wancan. Hawan jini kuwa sau da yawa ba ya ba da alama, sai a ji an ce wani ɗan'uwa ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye.

Nawa ne jiki yake bukata?

A ƙa'idodin da ta fitar a shekarar 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana bukatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako, da kuma aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako. Minti 30 sau biyar ya kai 150. Matsakaici shi ne irin tafiyar saurin da za ka iya yin magana a cikinta amma ba za ka iya rera waƙa ba. Noma, tuƙa keke da daka duk suna cikin lissafin.

Me ya sa faɗa wa mutane yake taimako?

Mu dubi adashi. Mace ta kan yi niyyar ajiye kuɗi a ɗakinta, wata ya ƙare ba ta tara kome ba. Amma idan ta shiga adashi, ta san uwar adashi za ta zo kowace yamma da littafinta, sai ga shi tana zubi ba fashi. Samunta bai ƙaru ba. Abin da ya canja shi ne akwai mai jiranta, akwai kuma wurin da ake rubutawa.

Masana sun tabbatar da wannan. A 2016, Benjamin Harkin da abokan aikinsa a Ingila sun haɗa sakamakon bincike 138 da suka shafi mutane kusan 20,000. Sun ga cewa masu bin diddigin ci gabansu sun fi cim ma abin da suka sa a gaba, amfanin kuma ya fi girma idan ana rubutawa, ko ana sanar da waɗansu.

Tarkon da za mu guje wa

Akwai bambanci tsakanin sanar da niyya da ba da lissafin aiki. A 2009, Peter Gollwitzer na Jami'ar New York da abokan aikinsa sun gano cewa ɗaliban da wasu suka san burinsu sun fi sassauta ƙoƙari a kan waɗanda ba a san nasu ba. Da zarar mutane sun ji, sai zuciya ta ɗauka kamar an riga an yi rabin aikin. Mun san wannan a tsakaninmu. Mutum ya tashi a taro ya ce daga yau ya zama ɗan motsa jiki, aka tafa masa, shi ke nan, ya karɓi ladansa tun bai ɗaura takalmi ba. Gargaɗin Ubangijinmu a Matiyu sura 6 game da yin abu domin idon mutane ya shafi wannan ma.

Saboda haka ƙa'idar ita ce mu faɗi abin da muka riga muka yi yau, ko da kaɗan ne, ko da babu.

Yadda za mu tsara shi

1. Mu nemi mutum uku zuwa shida waɗanda muke jin nauyinsu. A cikin taron mutum ɗari, wanda ya yi shiru ba a lura da shi. Zumuntar mata, ƙungiyar matasa da mawaƙa za su iya rarraba kansu ta haka.

2. Kowa ya yanke abin da zai yi, da lokaci, da wuri. “Zan riƙa motsa jiki” ba shi da ma'auni. “Zan yi tafiyar minti 20 bayan addu'ar safe” yana da shi. Wanda ya daɗe a zaune ya fara da minti goma, ya riƙa ƙarawa.

3. A sa lokacin ba da lissafi, misali kafin ƙarfe tara na dare. Jimla ɗaya ta isa: “Na yi minti 25.” Masu WhatsApp su yi amfani da shi. Inda babu, littafin rubutu ɗaya a hannun mutum ɗaya ya wadatar.

4. Ranar da ba a yi ba, a rubuta “yau ban yi ba.” Wannan ne ya fi wuya, shi ne kuma yake riƙe tsarin. Idan ranakun nasara kaɗai ake faɗa, ƙungiyar ta zama wurin fariya.

5. Wanda ya yi shiru kwana biyu, a kira shi ko a leƙa gidansa. A tambaye shi abin da ya hana, a taya shi neman mafita. Mai yiwuwa yaro ne ba lafiya, ko unguwarsu ba ta da tsaro da asuba, sai a koma zagaya harabar majami'a tare.

6. Kada a sa nauyin jiki ko hotunan jiki a cikin lissafin. Sikeli yana hawa yana sauka saboda dalilai da yawa, kuma yana jawo kunya da gasa. Mu ƙirga abin da yake hannunmu, wato mintocin da muka yi.

Idan mun fasa fa?

Za mu fasa wata rana. Damina za ta zo, ga biki, ga makoki, ga zazzaɓi. Binciken Phillippa Lally a Landan ya nuna cewa sabuwar ɗabi'a ta kan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ta zama jiki, waɗansu kwana 18, waɗansu har fiye da 200, kuma fashin rana ɗaya bai ɓata tafiyar ba. Abin da yake kashe ta shi ne kunyar da take sa mutum ya ɓuya mako guda, sa'an nan ya janye gaba ɗaya. A nan ne abokan tafiya suke da amfani. Littafin Mai-Wa'azi sura 4 ya koya mana cewa amfanin tafiya tare shi ne a sami mai tā da wanda ya faɗi. Don haka mu karɓi “ban yi ba” da alheri, domin idan muka yi wa mai faɗin gaskiya ba'a, gobe ƙarya zai yi mana.

Masu ciwon zuciya, masu hawan jini ko ciwon sukari, da mata masu juna biyu, su fara tuntuɓar ma'aikacin lafiya. Wanda ya ji ciwon ƙirji, jiri, ko numfashi yana sarƙewa, ya tsaya nan take ya je asibiti. Kada kuma kowa ya daina shan maganinsa don ya fara tafiya.

'Yan'uwa, kada mu jira sabuwar shekara. Bayan sujadar Lahadin nan, kowa ya nemi mutum uku, ku tsai da lokaci, ku buɗe littafi. Ranar Litinin da dare ku rubuta layi na farko. Allah ya ba mu lafiya da ƙarfin ci gaba.