Imarhan: samarin Tamanrasset da suka dawo da waƙa gida

Duk wanda ya taɓa zuwa bikin Buzaye a nan Tamanrasset ya san kiɗan nan na jita da ake kira "assouf". A Tamashek kalmar na nufin kewa, irin wadda ke kama mutum idan ya yi nisa da nasa. To, a cikin masu wannan kiɗa a yau, Imarhan na cikin waɗanda sunansu ya fita.

Tushen abin ya girme su. A ƙarshen shekarun 1970, fari da rikici sun koro matasan Abzinawa daga Mali da Nijar zuwa wannan gari. A nan Ibrahim Ag Alhabib da abokansa suka fara abin da ya zama Tinariwen, ƙungiyar da ta ci kyautar Grammy a 2012 da faifanta "Tassili". Samarin Imarhan su biyar sun tashi ne da waɗannan kasakasai a kunne. Sun haɗu wajen 2006, jagoransu Iyad Moussa Ben Abderahmane, wanda kowa ya fi sani da Sadam. Sunan ƙungiyar kuwa ma'anarsa "waɗanda nake ƙauna".

Faifansu na farko ya fito a 2016 a kamfanin City Slang na Jamus, "Temet" ya biyo a 2018. Kiɗansu ya fi na manyansu sauri da zafi. Jita biyu na amsa wa juna, ƙwarya na riƙe da taki, sai tafi da amshi. Ni dai idan na saurara, ina jin tafiyar raƙumi a ciki, ina kuma jin ƙamshin tende, gangar turmi da matansu ke kaɗawa. A dandamali ma sun bambanta: sau da yawa da wandon jins da rigar fata suke fitowa, ba lallai da babbar riga da rawani ba. Sukan fara a hankali kamar hira a bakin shayi, kafin ka ankara wuri ya ɗauki zafi. Haka suka yi ta yi a Turai da Amurka.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne abin da suka yi da suka samu hali. A da, mawaƙin Tam sai ya yi tafiyar kusan kilomita 2000 zuwa Aljas, ko ya ƙetare teku, kafin ya naɗi waƙa mai inganci. Imarhan suka gina ɗakin naɗar sauti a cikin gari, suka sa masa suna Aboogi, sunan irin matsugunan farko da kakanninsu makiyaya suka gina. A ciki suka naɗi faifansu na uku, "Aboogi", wanda ya fito a 2022, har da muryar Sulafa Elyas ta Sudan da Gruff Rhys na Wales. Wato yanzu baƙi ke bin sawun waƙar zuwa Tam.

Nan ne zancen ya shafe mu. A aji ina ganin yaranmu Hausawa da ke jin nauyin yin Hausa gaban abokansu, sai Larabci ko Faransanci. Imarhan fa da Tamashek suke waƙa, masu sauraronsu a Balin ba sa jin ko kalma ɗaya, amma suna sayen tikiti. Mu kuma muna da tsofaffi a unguwanninmu masu waƙar daka da ta biki da tatsuniya, ba wanda ya naɗa. Waya na aljihun kowa. Iyaye da malamai, mu fara da ita tun masu abin suna raye.