Masu sarrafa waya a Maraɗi: a daina raina aikin hannunsu

Hausawa na cewa sana'a goma maganin mai gasa, amma akwai wata sana'a a garin Maraɗi da har yau ba a sa ta cikin goman ba. Ita ce ta masu lanƙwasa waya su fitar da mota, keke, kabu-kabu ko amalanken shanu. Yawancin mazan garin nan sun tura motar waya mai dogon sitiyari suna yara. Wasu ba su bar abin ba da suka girma, suka mai da shi hanyar cin abinci, daga Maraɗi har Tibiri da Jiratawa.

Wahalar farko ita ce samun wayar kanta. Sabuwa tana da tsada, tsohuwa kuwa masu sayen tsohon ƙarfe sun riga kowa, musamman ta jan ƙarfe da ake saye a kan kilo. Wasu sai sun ƙona tsohuwar taya su ciro wayar da ke cikinta, ga baƙin hayaƙi mai cutar da ƙirji. In an samu, sai a miƙar da ita, a kankare, a yanka da awartaki. Waya kuma tana da taurin kai: in aka lanƙwasa wuri guda aka mayar, aka sake lanƙwasawa, sai ta yi tauri ta karye. Mutum ya wuni yana haɗa keke, saura ƙafa ɗaya, waya ta ɓalle a gaɓa, aiki ya koma baya. Ga sukar yatsu, ga tsatsa da ke cin kaya da damina.

Amma abin da ya fi yi musu ciwo shi ne ciniki. Mai saye ya ɗauki motar, ya juya ta, ya yaba, da an faɗi kuɗi sai ya ce: "Haba malam, ba waya ba ce kawai?" Gefe guda ga motocin roba na Sin jibge a kasuwa, masu araha da walƙiya. Turawa ƴan yawon buɗe ido da kan saya ba tare da dogon taye ba, su ma sun yi ƙaranci tun da matsalar tsaro ta taso a ƙasa.

To jama'a, mu duba yadda wasu suka ɗauki wannan aiki. Wani Ba'amurke mai suna Alexander Calder ya fara haɗa mutum-mutumin ƴan wasa da dabbobi da waya a birnin Paris a 1926. Yau kayan nan suna ajiye a gidan tarihi na Whitney da ke New York, ana zuwa kallonsu daga ko'ina. A Afirka ta Kudu, masu gadin dare na ƙabilar Zulu ne suka riƙa saƙa wayar tarho mai launi don rage dare, har abin ya zama faifai da kwanduna da ake fitarwa ƙasashen waje. Kusa da mu, bajekolin sana'o'in hannu na SIAO da aka fara a Wagadugu a 1988 yana tara masu saye daga ƙasashe da dama. A Yamai ma akwai ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata.

Namu ba su gaza waɗancan a basira ba. Idonsu na kan abin da ke gabansu: amalanken da ke kawo kayan lambu daga Jiratawa, da manyan titan da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Katsina. Wasu kuma, saboda dalilin addini, suna kauce wa siffar mai rai, su tsaya kan ababen hawa, kwandon ƙwai da maratayin ludayi. Ka dubi fuskar mai aikin sa'ad da ya tura motarsa ƙafafu huɗu suka juya daidai, za ka gane ba wasan yara yake ba.

Ku ƴan kasuwa kun fi kowa sanin wannan. Hajiya mai ƙuli-ƙuli, ba kuɗin gyaɗa kaɗai kike sawa ba, har da suya, niƙa, matsa da zafin wuta. Mai saƙar faifai ma ba kaba take sayarwa ba, kwanakin da ta yi a zaune take sayarwa. Haka mai waya. In za a taya, a taya da mutunci. Mai rumfa ya ba su gefen tebur ranar Litinin ko Juma'a, a raba riba. Su kuma masu aikin su shafa fenti don tsatsa, su naɗe bakin waya kada ta soki yaro, su daina zubar da farashi don kunya. Mai kaya in ya raina kayansa, ba wanda zai daraja masa.

Allah ya sa albarka a neman kowa.