Abokin Ban Ruwa, Abokin Barin Sigari

Duk wanda ya taɓa kwana a gonakin rani na Kura ko Bunkure cikin hunturu ya san irin sanyin da ke tasowa daga ruwa bayan tsakar dare. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwanta ke biyo magudanai zuwa Kura da Bunkure da Garun Malam, ana noman shinkafa da tumatir da alkama da albasa. Ban ruwa kuwa ba shi da dare ba shi da rana. A irin wannan zaman jira, ko a teburin mai shayi da asuba, ko a Kwanar Gafan ana lodin kwandunan tumatir, karan sigari ɗaya kan zagaya hannu uku. A nan ne mutumin da ya yi mako biyu bai sha ba zai ji an ce, "Haba mutumina, zuƙa ɗaya ai ba komai."

Mashaya da yawa sun sha ajiye sigari, ɗorewar ce ke gagararsu, kuma akwai dalili. Sinadarin nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 da zuƙar hayaƙi, ya sa ta saki wani sinadarin mai sa jin daɗi. Yau da gobe sai ta ɗaure wannan daɗin da wasu lokuta: bayan tuwo, kan kofin shayi, ko ganin wani ya ƙyasta ashana. Idan aka daina, makon farko shi ne mai zafi, ga saurin fushi, ga rashin barci, ga yawan jin yunwa. Yawanci wannan kan lafa cikin mako biyu zuwa huɗu, amma ƙishin da wuri da mutane ke tayarwa yakan dawo ko bayan watanni. Cikin mutum 100 da suka daina su kaɗai, ba magani ba mataimaki, 3 zuwa 5 ne kawai ke kai wata shida ko shekara ba su koma ba.

Bahaushe ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, masu bincike kuma sun auna wannan. A 2008, Nicholas Christakis da James Fowler suka fitar da nazarin mutum 12,067 da aka bibiya daga 1971 zuwa 2003 a binciken garin Framingham na Amurka. Suka ga mutane gungu-gungu suke barin sigari. Idan abokin mutum ya daina, yiwuwar shi ya ci gaba da sha tana raguwa da kashi 36 cikin 100, idan kuwa miji ne ko mata, kashi 67. Ashe majalisar da ta koya wa mutum sha, ita ce kuma za ta iya riƙe shi ya bari.

Ƙwarin gwiwa ma daga nan yake fitowa. Masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura ya bayyana tun 1977 cewa abu biyu ne suka fi sa mutum ya yarda zai iya: nasarar da ya taɓa samu da kansa, da ganin tsaransa ya yi. Manomin da ya ga maƙwabcin gonarsa, wanda suke shan sanyi ɗaya, ya shekara bai kunna ba, ya sami hujjar da ta fi dogon jawabi. Nasarar kansa kuwa yana da ita bai lura ba. Duk watan azumi yakan yi kusan sa'a 13 ko fiye kullum ba hayaƙi, a cikin rana da aiki. Niyya ce ta riƙe shi, ga kuma gari duka ana yi tare, ba mai miƙo masa kara.

Mutanen wannan yanki ba baƙin haɗa kai ba ne. Sun san gayya da adashi, suna da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da ke raba layi da yashe magudana. A kan wannan za a ɗora. Mutum uku ko huɗu su tsayar da rana, kowa ya faɗa wa iyalinsa. Wanda ban ruwa ya kama shi da dare ya tafi da wanda ba ya sha. Ƙishin sigari yakan taso ya faɗa cikin 'yan mintoci, don haka kiran waya ɗaya, ko aswaki a baki, ko zagaya gona, ya isa ya ƙetarar da mutum. Kuɗin da ake kashewa kullum a zuba shi adashi, a ga abin da zai saya na taki. Dokar hana yaɗuwar taba ta 2015 ta haramta sayar da sigari kara-kara, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, amma har yau ana samunta a kan tebura. Inda hannun hukuma bai kai ba, majalisa na iya kafa tata dokar: wanda ya ajiye, ba a yi masa tayi.

Akwai ranar da wani zai zame, a nan ake gane abokan ƙwarai. Gori da dariya su ke mayar da kara ɗaya ya zama kwali, domin mai kunya ɓuya yake yi. Abin da ya dace a ce shi ne, "Ɗan'uwa, me ya faru jiya? A ina ne, da wa kake?" Sai a toshe wannan kafar, a ci gaba da ƙirga daga yau. Mafi yawan waɗanda suka rabu da sigari sai da suka gwada sau da dama. Wanda abin ya yi wa nauyi ya je asibiti, abokinsa ya raka shi. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagoran jinyar barin taba na farko, ta nuna cewa haɗa magani, irin su cingam ko filastar nikotin, da shawarar ma'aikacin lafiya ya fi ƙara samun nasara.

Jiki kuma ba ya jinkirin biya. Cikin sa'a 12 gubar hayaƙin da ke jini takan sauka daidai, cikin mako 2 zuwa 12 numfashi ya ƙaru, bayan shekara haɗarin ciwon zuciya ya ragu da kusan rabi. Ga mai cin abinci da ƙarfinsa, wannan jari ne kamar iri da taki. Saboda haka idan ka haɗu da abokinka a bakin ruwa daren yau, ya ce maka ya daina, ka mayar da ashanar aljihu, ka zuba masa shayi, ka tambaye shi yau kwana nawa.