Alwatikar sinuka: auna ƙwallo kafin ka je kasuwa

Da la'asar sakaliya a unguwar Hashimi ta Suleja, ƙas-ƙas ɗin ƙwallayen sinuka kake ji daga ƙarƙashin rumfuna. Wasu magidanta a Suleja har tebur suke sawa a tsakar gida don samari su rage yawo. Sai dai mutum zai zuba kuɗi a tebur da sanduna, amma alwatikar da ake jera ƙwallaye a cikinta, wadda hannunsa ya fara kaiwa ita yake ɗaukowa. Ranar wasa a fasa, ƙwallo biyu su gangara, sauran su tsaya cak, a hau zargin sanda.

Abin da muke kira sinuka a unguwa galibi ɗan uwanta ne mai ƙwallo 15 da fara ɗaya. Sinukar ainihi, wadda sojojin Ingila suka ƙirƙiro a Jabalpur ta Indiya a 1875, ƙwallo 22 gare ta. Girman ƙwallayen ma ba ɗaya ba ne. Ƙwallon Amurka milimita 57 ne, na teburin Ingila kusan 51, na sinukar ainihi 52.5.

A ido bambancin kaɗan ne, amma jeri yana tara shi. Sahu biyar ake yi: 1, 2, 3, 4, 5. Kowane gefe na cikin alwatika yana bukatar tsawon da ya ninka faɗin ƙwallo kusan sau 5.7, wato wajen santimita 33 ga ƙwallayen Amurka, 29 ga na Ingila. Zuba na Ingila a alwatikar Amurka, sai su yi ta iyo a ciki. Na Amurka kuwa ba za su shiga ta Ingila ba.

Matsewar nan ita ce ran wasan. Idan fara ta daki ƙwallon gaba, ƙarfin yana ratsawa daga ƙwallo zuwa ƙwallo ta inda suka taɓa juna. Giɓin da bai fi kaurin takarda ba ya isa ya karkatar da shi, sai gefe ɗaya ya watse, ɗaya ya kwanta. Shi ya sa gwani yake cusa yatsu ta baya ya tura jerin gaba kafin ya ɗaga. Alwatika mai kyau tana barin wurin yatsu kawai.

Katako ko roba? Ta katako tana da nauyi, ba ta lanƙwasa a hannu. Amma daminar Suleja tana kumbura katakon da bai bushe ba, hunturu kuma ya buɗe masa kusurwa. Ta roba ta fi araha, ba ruwanta da danshi, sai dai rana tana gasa ta har ta tsage. Kowacce ka zaɓa, shafa ƙasanta da yatsa, domin kaushi ko kan ƙusa zai ci ƙyallen tebur.

In Kasuwar IBB za ka, ko wurin kafinta, tafi da ƙwallayenka duka 15. Jera su, baƙa a tsakiyar sahu na uku, ka tura, ka ɗaga a hankali. In ka dawo gida jerin yana watsewa da kansa, ƙyale alwatika, duba ƙafafun teburinka.