Ƙugiyar Makka: Laifin Iska ko Sakacin Mutum?

Ranar Juma'a 11 ga Satumba 2015, ana saura 'yan kwanaki a fara aikin Hajji, wata ƙatuwar ƙugiyar ɗaga kaya ta rikito a kan Masallacin Harami cikin iska da ruwan sama. Mutum 111 suka rasu, har da alhazan Najeriya, kusan 400 kuma suka jikkata. Nan take aka ɗora laifin a kan iska. Sai dai binciken da hukumomin Saudiyya suka gudanar ya nuna an bar dogon hannun ƙugiyar a miƙe sama alhali ba a aiki da ita, saɓanin umarnin kamfanin Liebherr na Jamus da ya ƙera ta. A 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta ci tarar kamfanin Binladin, mai kwangilar aikin ginin, riyal miliyan 20 saboda sakaci.

Ƙugiya mai tafiya, ko ta kan mota ko mai sarƙa irin ta Makka, ba a kafe take a ƙasa ba; daidaiton nauyi ne kawai ke riƙe ta, tamkar sikelin 'yan auna hatsi. Gwargwadon yadda hannunta ya yi nisa da jikinta, gwargwadon yadda nauyin da za ta iya ɗauka ke raguwa, shi ya sa kowace ƙugiya ke zuwa da jadawalin nauyinta, da iyakar ƙarfin iskar da za ta jure. Direban da ya san aikinsa yakan duba taurin ƙasa, ya fitar da ƙafafun tokara gaba ɗaya a kan katakai masu kauri, ya nisanci wayoyin lantarki, ya kori jama'a daga ƙarƙashin kaya, sannan ya bi hannun mutum guda mai ba da ishara. Duk wannan kafin ƙugiya ta motsa ake yin sa.

Wani zai ce ai ƙaddara ce, wa ya isa ya tare guguwa? Babu, amma hadari ba ya zuwa a ɓoye, kuma tawakkali bai taɓa hana ɗaukar mataki ba. Hujjar 'yan kwangila ta fi nauyi: sauke hannun babbar ƙugiya da sake ɗaga shi yana cin lokaci da fili, ga kuɗin haya na tafiya. Gaskiya ne, kuma daidai nan matsalar take, domin mai gaggawar kammala aiki bai kamata ya zama shi ke yanke hukunci ba. Dole ikon cewa a dakata ya kasance a hannun direba da jami'in kiyaye haɗari, a rubuce cikin kwangila, ba tare da fargabar kora ba.